Asabar ɗin da Auta Ba Ta Wanke Mama Ba

Shekara uku ke nan Auta na jinyar Mama ita kaɗai, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohuwar, hankalinta kuma ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Wanka, juyi, magani, canjin ƙunzugu, duk ita. Ga shi mai shagon ɗinkin da take wa aiki ta gaji da uzuri, ta ce in wata ya ƙare ba ta fara yini a shago ba, za ta ɗora wata a kan kekenta. Keken nan kuwa shi kaɗai ya rage wa Auta a duniya wanda ba jinya ba.

Abin da take nema bai taka kara ya karya ba, yayyenta biyu su karɓi kwana bibbiyu a mako. Sai ta kira su taro.

To amma Auta na da wani hali: ba ta yarda ido ya ga uwarta a wulaƙance. Duk ranar da za a zo, tun da sassafe take wanke Mama tas, ta shafe ta da mai, ta ɗaura mata ɗankwali mai guga. Katifar nan mai zarni ta ja ta bayan ɗaki, ta tura bokiti ƙarƙashin gado, ta fesa turare. Mama kuwa, ikon Allah, da ta ga baƙi sai ta ware, har da tambayar jikoki.

Ranar taron, Yaya Babba, ɗan fari, ya harɗe a kujera yana kaɗa makullin mota. "Wannan ce ta gagare ki? Ai Mama ta fi ni lafiya!"

Yaya Malama, mai bi masa, ta tuntsire da dariya. "Auta sarkin raki. Tun tana ƙarama, ƙaya ta soke ta sai unguwa ta ji."

Suka sha shayi, suka ɗauki hoto da Mama, suka ƙara gaba. Ko layin ba su fita ba Mama ta ɓata shimfiɗa.

A bakin famfo, tana cuɗa zanen gado tana kukan takaici, Auta ta gane ita ke cutar kanta. Ina za su ga wahala alhali kullum sai ta share ta kafin su iso? Ta sake kiran taro Asabar mai zuwa, ƙarfe goma. Ta ƙudura wannan karon ba za ta taɓa komai ba, su zo su gani da idonsu.

Ranar da safe Mama ta kira. "Auta, na jiƙe."

Auta na kicin. Ta buɗe famfo don kada ta ji. Mama ta sake kira, ta kuma kira, har muryar ta dushe. Auta ta ji ta tsani kanta, amma ta cije, ai saura kaɗan su zo. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Mutanen nan, Allah ya shirye su, sai ƙarfe biyu suka yi sallama.

Tun daga bakin ƙofa Yaya Malama ta toshe hanci da mayafi. Yaya Babba ya leƙa, ya yi salati, ya ja da baya.

Auta ta fara jawabin da ta yi mako tana haddacewa. "Yaya, haka nake tarar da ita kullum, sau uku, sau huɗu..."

"Rufe mana baki!" ya daka mata tsawa. "Ashe haka kike mata in ba ma nan?"

"Garau muka bar ta," in ji Yaya Malama, ta zaro waya tana ɗaukar hoto. "Kwana bakwai kacal! Shagon nan ne, Yaya. Ido na kan keke, uwa na ruɓewa."

Nan take Yaya Babba ya fizge wayar Auta, ya lalubo lambar mai shago, ya ce mata daga yau ƙanwarsa ta bar aiki, iyali sun yanke shawara. Har da godiya.

"Shiga ki gyara ta, muna falo," ya ce. Cikinsu babu wanda ya ko kalli bokiti.

Auta ta haɗo ruwan ɗumi ta durƙusa gaban gado. Fatar Mama ta yi jawur, har ta fara saɓulewa a ƙugu. Ta kai hannu za ta yaye, Mama ta damƙe zanen da hannunta mai lafiya. Yau dai, duk cikin ranakun Allah, hankalinta na nan daram.

"Na kira ki," ta ce. "Ina jin motsinki a kicin."

"Mama..."

"Ɗana namiji ya gan ni haka. Me na yi miki, Auta?" Ta juya fuska bango. "Kar ki taɓa ni. Kira min yayarki."

Auta ta tashi ta leƙa falo. Wayam, ƙofa a buɗe, wayarta a kan tebur. Ta dawo ta ɓamɓare yatsun Mama ɗaya bayan ɗaya daga zanen, ta fara wanke ta, tsohuwar na kuka tana dukanta a ka.