Turken Gunapala

Cikin turakun da masunta ke hawa a ruwa su kama kifi, turken Gunapala shi ne na tsakiya. Idan mutum ya tsaya a bakin yashi da yamma ya dubi teku, a bayan wannan turken rana take faɗuwa, daidai kafaɗar wanda yake zaune a kai. Amma ba don rana mahaifinsa ya zaɓi wurin ba. Tsohon ya sassaƙa rami a dutsen da ke ƙarƙashin ruwa ne saboda a nan dutsen ya tsage, ta tsagin kuma ƙananan kifaye suke shigowa idan lokacinsu ya yi. Itacen kam an sha canja shi, ruwan gishiri ba ya barin itace ya tsufa. Ramin ne gadon. Shekarar da babbar igiyar ruwa ta taso ta share turakun duka, ta tafi da wansa da rabin unguwa, Gunapala ya yi ta nutso yana lalube da yatsu har ya gano ramin, ya kafa wani itacen a ciki.

Tun daga wannan shekarar kifi ya yi ƙaranci. Masu turaku suka watse, wasu suka bi manyan jiragen kamun kifi, wasu suka koma aikin gini. Sai motocin baƙi suka fara tsayawa. Masu jagora daga birnin Galle sukan zaga da su kan ganuwa, su nuna musu hasumiyar fitila da tsohuwar coci da shagunan duwatsun ado, in rana ta yi sanyi su loda su a bas su kawo su nan, su ga masunta a kan turke.

Tusita, ɗan wan Gunapala da ruwa ya ci, shi ya fara gane cewa abinci ya bar cikin ruwa ya koma bakin titi. Ya yi rumfa da ganyen kwakwa, ya tara masu turaku, aka shirya duk abin da baƙi suka bayar a raba. Ya sayo zannuwa iri ɗaya da ƙyallen naɗawa a ka. Yanzu da an hango bas sai a tuɓe riguna a ruga ruwa. Cikin masu hawan akwai direban keke mai ƙafa uku, akwai wani da sana'arsa hawan bishiyar kwakwa ce, akwai kuma Karolis, abokin Gunapala tun suna yara, wanda a da babu mai hannunsa a kamu. Kowa da mataccen kifinsa na kasuwa maƙale a ƙugiya, yana tsomawa yana ɗagawa yana washe baki.

Gunapala bai shiga ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Safe da yamma yakan ratsa ruwa ya hau turkensa, ya zauna kan 'yar sandar da aka gicciye, hannu ɗaya rungume da itacen, ɗaya riƙe da sandar fatsa. Rigarsa tsohuwa ce mai tallan kamfanin waya, hularsa duk ta koɗe. Bayansa yake ba yashi, don kifi ta teku yake zuwa. Ƙugiyarsa tsirara take, babu abin da ake sa mata, 'yar dalma ce mai ƙyalli da ake rawa da ita a ruwa har kifi ya ruɗu. Aikin ba ya son motsi, ba ya son magana, ko inuwar mutum ba ya so. Dalilin hawa sama ke nan tun farko.

Damuwar Tusita ita ce duk hoton da baƙo ya ɗauka, a tsakiyarsa akwai ƙeyar baffansa da sunan kamfanin waya. Ya roƙe shi ba sau ɗaya ba, ko rigar ce ya cire, ko sau ɗaya ya waiwayo. Gunapala yakan ce to, ya ji, washegari ya fito da rigar. Karolis kuwa daga turkensa yake tsokanarsa, wai ya dai ci gaba da gadin ruwa, kada a sace. Shi kuma ya amsa ba tare da ya juya ba, ya ce kifin Karolis ya fara wari, ya kamata a yi masa sutura.

A gida matarsa Lilawati ba ta cika magana ba. Takan karɓi 'yar jakar, ta leƙa, in kifi uku ne ta soya ukun, in babu ta daka kwakwa da barkono su ci da shinkafa. Wani lokacin dai takan ambata, kamar da tukunya take magana, cewa matar Karolis ta sake rufin ɗakinsu.

Wata yamma bayan ruwan sama ya ɗauke, Gunapala yana zaune sai ya ga launin ruwan tsagin ya sauya. Wani duhu ne yake shigowa a hankali, kamar an shimfiɗa zane a ƙasa. Ya daɗe bai ga haka ba, har ya fara zaton idonsa ne. Ya sauke ƙugiya, ya rawa da ita, sai ya ji wannan ɗan fizgar da hannunsa bai manta ba. Ya ɗago, ya zare, ya jefa a jaka, ya mayar. Wani ya kama. Ya sake mayarwa. Jakar da ke ɗaure a ƙugunsa ta fara nauyi, tana motsi a cinyarsa. Ya so ya kira Karolis, amma ko numfashi da ƙarfi ba ya son yi.

A lokacin bas ta tsaya.

Ya ji gudun mutanen Tusita cikin ruwa, ya runtse ido. Garken kifin ya ɗan karkata, amma bai fita ba. Da a nan abin ya tsaya da an wanye lafiya. Sai dai baƙin ranar masu son shiga ruwa ne. Aka sauko da direban keke, aka tura wata mata ta hau turkensa tana ihu tana dariya. Wani dogo kuma, mai jar fuska da riga mai furanni, ya hango cewa tsohon nan na tsakiya kifi mai rai yake cirowa. Ya ɗaga kyamararsa sama, ya nufo shi yana fantsama ruwa kamar saniya a rafi, har ya tsaya a bakin tsagin, ƙafafunsa cikin garken. Ya kama turken ya girgiza, yana nuni da hannu a juyo.

Gunapala ya dubi ƙasa. Duhun ya tsage biyu, ya narke, ruwan ya koma fari tas har ana ganin yatsun ƙafar mutumin.

Shi kansa bai san lokacin da ya kaɗa sandar ba. Korarsa kawai ya yi niyya, yadda ake korar kaza daga shanya. Ƙugiyar ta kama kafaɗar rigar furannin ta keta ta, ta ɗan karce fata. Jinin bai fi na cizon sauro ba. Amma mutumin ya ja da baya, ya zame, ya faɗi zaune da kyamararsa cikin ruwa.

Mai jagoran, wani Mista Lalit mai farar riga, bai ko dubi Gunapala ba. Ya kira Tusita gefe. Ya gaya masa a hankali cewa daga nan zuwa garin Weligama duk bakin teku ne, kowane da turakunsa, kuma direbobin bas suna shan shayi wuri ɗaya, abin da ɗaya ya ji kowa ya ji. Ya kwashe mutanensa suka tafi.

Daren ranar Lilawati ta soya kifi har maƙwabta suka samu. Babu wanda ya aiko da godiya.

Washegari bas ba ta tsaya ba, jibi ma haka. Sukan rage gudu a kwanar, fuskoki a jikin gilashi, su wuce. Mutanen rumfa suna zaune da zannuwansu iri ɗaya, kifin kasuwa yana narkewa a bokiti. Gunapala ya ci gaba da hawa, ruwa shiru yadda yake so, amma garken bai dawo ba. Da ya sauko zai wuce ta gaban rumfar sai hira ta mutu.

Tusita ya zo gida da hantsi, ya cire takalmi a ƙofa, ya gaida Lilawati, ya karɓi shayi da hannu biyu. Ya daɗe yana zancen ciwon ƙafar mahaifiyarsa kafin ya shiga maganar. Ya ce ya je Galle har sau biyu, ya tsaya a ƙofar ganuwa kamar maroƙi sai da Mista Lalit ya saurare shi. Za su dawo, amma da sharaɗi. Ko dai wanda ke kan turken tsakiya ya zama kamar sauran, ko kuma turken ya bar wurin.

Gunapala ya ce turken ba na rumfa ba ne, ramin mahaifinsa ne.

“Kakana ne ni ma, Baffa,” in ji Tusita. “Da ruwa bai ci babana ba, shi ne babba, shi zai hau. Ban taɓa ɗaga wannan maganar ba, yau ma ba ita ta kawo ni ba.”

“To me ya kawo ka?”

“Gidaje nawa ke ci daga rumfar nan, ka sani. Jiya sun zauna. Akwai wanda ya ce zarto ba ya ƙara a ƙarƙashin ruwa. Akwai wanda ya ce buhun siminti ɗaya ya ishi ramin. Ni na ce a bari in zo.”

Gunapala ya tambaya ko Karolis yana wurin. Tusita ya dubi kofin shayinsa. Ya ce Karolis yana wurin, bai kuma hana su ba.

Sai Gunapala ya nemi a bar masa asuba kawai, su riƙe yamma. Tusita ya girgiza kai. Baƙin otal-otal da asuba suke zuwa, hasken da kifi yake so shi masu hoto suke so. Tsakar rana dai ba mai hana shi. Su biyun sun san da tsakar rana ko kaguwa ba ta fitowa.

Bayan ya tafi, an bar ƙunshi a kan benci: zane mai ratsi da farin ƙyalle. Lilawati ta ɗauke kofin, ta goge wurin, ba ta taɓa ƙunshin ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

“In suka toshe ramin, ba ka da shi. In ka ɗaura wannan, kana da shi. Ni iyakar abin da na gani ke nan.”

Gunapala ya yini a tsakar gida yana gyaran zaren da ba abin da ya same shi. Ya tuna yadda yatsunsa suka yi jini shekarar da yake neman ramin. Ya yi tunanin siminti a ciki, sumul, mutum ya shafa bai san an taɓa yin komai a wurin ba.

Da la'asar ya cire rigar kamfanin waya ya rataye a ƙusa. Ƙirjinsa fari ne inda rana ba ta taɓa gani ba, hannuwansa baƙi, kamar an haɗa mutum biyu. Naɗin kan bai iya ba, Lilawati ce ta naɗa masa.

A rumfa ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi masa sauƙi. Mai hawan kwakwa ya matsa masa wuri. Karolis ya tura hannu cikin bokiti ya zaɓo kifin da ya fi kyan gani, ya karɓi ƙugiyar Gunapala ya soka ta a leɓen, ya ƙara ɗaurewa da zare don kada ya faɗi. Ya ce a hankali, in hannu ya gaji a ɗora gwiwar hannu a cinya, ba sa lura.

“Ka ƙware,” in ji Gunapala.

“Za ka ƙware kai ma. Ba wuya.”

Bas ta tsaya. Mista Lalit ya sauko, ya dubi turken tsakiya, ya gyaɗa wa Tusita kai. Gunapala ya hau, ya zauna a juye, fuskarsa ga yashi. Bai taɓa ganin garinsu daga nan ba: rumfa, titi, allon tallan otal, da jerin mutane kowa ya rufe fuskarsa da waya. Rana tana dukan ƙeyarsa. Tusita yana daga bakin ruwa yana nuna masa da hannu, ɗaga, sauke, ɗaga.

Yana cikin haka ya ji wani sanyi-sanyi a idon sawunsa, irin na ruwa idan abu mai yawa yana tafiya a ciki. Ya saci kallon ƙasa ta tsakanin gwiwoyinsa. Duhun ne. Ya shigo ta tsagin, ya fi na rannan kauri, ya kewaye gindin turken yana juyawa a hankali, har bayan kifayen yana walƙiya. Yau babu baƙon da ya shiga ruwa, Tusita ya hana. Ko'ina shiru, yadda mahaifinsa yake so.

Ya dubi ƙugiyarsa. Karolis ya ɗaure kifin da kyau, ba zai kwantu da hannu ɗaya ba.

Ya juya ido wajen Karolis, ya ga shi ma ƙasa yake kallo. Suka haɗa ido, Karolis ya riga shi kawar da kai.

“Baffa,” Tusita ya kira daga yashi, “ɗago kai kaɗan. Rana za ta faɗi.”

Gunapala ya ɗago kai. Ya tsoma mataccen kifin cikin masu rai, suka buɗa masa hanya, ya ciro shi yana ɗigar ruwa, ya ɗaga sama. Mutanen bakin yashi suka tafa.