Tsarabar Alhaji Lukman

Sharfaddeen malamin gona ne a Rano. Aikinsa yawo a kan babur, yau Rurum, gobe wani ƙauyen, yana duba masara da albasa yana gaya wa manoma maganin da za su fesa. Bai taɓa mallakar mota ba. Amma a ɗan ɗakin da ke kusa da zauren gidansa akwai kujerar wata tsohuwar mota da Ishiyaku mai walda ya ɗora masa a kan ƙarafa, ga sitiyari, ga totur da birki a ƙasa, duk a jone da kwamfuta. Ranar Lahadi bayan azahar yakan shiga ya turo ƙofa, ya yi tseren mota ta intanet da wasu abokai na Kano da Kaduna da Jos, waɗanda yawancinsu bai taɓa gani ido da ido ba.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne sikirin ɗaya gare shi, gabansa kawai yake gani. Sau biyu yana dukan motar wani Khalid na Kaduna a kwana, don bai ga shigowarta ta gefensa ba, har Khalid ya ce masa a gaban kowa in bai iya ba ya koma tseren jakai. Sauran duk sikirin uku suke da su, ɗaya a gaba, biyu a gefe, kamar tagogin mota. Shi ma ya lallaɓa ya samo biyu irin nasa, Ishiyaku ya yi musu mazauni. Sai dai katin hoton da ke cikin kwamfutarsa, wato abin da ke zana duk abin da ake gani a sikirin, tsoho ne, ɗaya ma da ƙyar yake ɗauka.

Ya daɗe yana neman katin da ya dace, don ba ƙarfi kaɗai yake dubawa ba. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, gidan a kan sola yake, kuma inbatar ƙarama ce. A kanta firizar matarsa Ramlatu take, wadda take sanyaya kunun aya da zoɓon da ake kai wa masu shaguna a bakin tasha. Saboda haka kati yake so mai kafofi uku iri ɗaya na jona waya, gajere yadda zai shiga akwatin kwamfutarsa, wanda kuma ba ya shan wuta. Ya kalli bidiyo har idonsa ya yi ja, ya tambayi abokan tsere, kowa da nasa ra'ayin. A ƙarshe ya tsaya a kan wani matsakaici da ya gani a shagon Ɗanmalam, mai sayar da kayan kwamfuta a Kano. Ɗanmalam ya ce zai ajiye masa zuwa ƙarshen wata.

A tsakanin nan ne Ramlatu, cikin hira a waya, ta ba yayanta labarin. Alhaji Lukman ɗan kasuwar hatsi ne a Kibiya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita, don haka Sharfaddeen kallon suruki yake yi masa. Lokacin Alhaji yana shirin raka wani abokinsa Dubai.

Da ya dawo, da kansa ya zo Rano da wani kwali a hammata. Bayan an gaisa an sha ruwa ya tura shi gaban Sharfaddeen.

"Malam Sharfu, ga abin wasan naka. Cewa na yi da mai shagon ya ba ni wanda ya fi kowanne girma. Na ce masa na ƙanina ne, ba na son ƙarami."

Sharfaddeen ya buɗe kwalin. Ya san katin, ya sha ganinsa a bidiyo yana wucewa, don ya san ba sa'ansa ba ne. Tsawonsa ya kusa kamu guda, fanka uku, nauyi kamar bulo. Da farko daɗi ya kama shi. Kafin ya gama juya shi, ya tuna inbata.

"Yaya Alhaji, wannan ai ya yi yawa. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi."

"Ba komai. Ka haɗa, zan zo in ga yadda kake tuƙin nan."

A ranar Sharfaddeen ya kira Ɗanmalam ya ce ya saki wancan katin, an kawo masa wani.

Abu na farko, katin ya ƙi shiga akwati. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya cire fankar gaba, duk da haka saura kaɗan. Ya kai wa Ishiyaku ya yanke wani ƙarfe a ciki, katin ya shiga, amma murfin ya ƙi rufuwa. Da ya zo jona wuta kuma sai ya ga fawar kwamfutar, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ba ta ma da irin wayar da katin ke nema. Ya shiga motar Kano ya sayo babbar fawa da sabon akwati mai gilashi a gefe, ya dawo da su a cinya, wata mata a kusa da shi tana ta mita gwiwarta ta sage.

Ranar da ya kunna, sikirin ukun suka kama gaba ɗaya. Titin ya shimfiɗe daga hagunsa zuwa damansa, har ciyawar gefen hanya yana gani tana kaɗawa. Ya kira Ramlatu ta zo ta gani, 'yarsu Hidaya na goye a bayanta. Ya taka totur, ya sha kwana ɗaya, ya sha ta biyu. Can a tsakar gida firiza ta tashi, inbata ta yi ƙara, komai ya ɗauke.

Ramlatu ta dube shi. "Abban Hidaya, me ya faru?"

"Wuta ce ta yi kaɗan. Zan gyara."

Ya shiga saitin katin ya rage masa ƙarfi, ya rage kyan hoton, ya kashe fitilun da ke walƙiya a jikinsa. Ya ɗan samu sauƙi, sai dai duk lokacin da firiza ta tashi yana tsakiyar gudu, sai inbata ta yi kuka. Ga zafi kuma. Katin na hura iska mai zafi kamar bakin tanda, ɗakin ƙarami, kafin a yi nisa rigarsa ta jiƙe. Ya kira mai haɗa sola ya duba. Mutumin ya ce sai an canza inbata, an ƙara batir, an ƙara faranti a kan rufi, wanda Sharfaddeen ya san ba bana ba.

Ana haka Alhaji Lukman ya cika alkawari ya zo kallo. Sharfaddeen ya faki ido ya zare wayar firiza kafin ya kunna. Alhaji ya zauna a kujerar, ya riƙe sitiyari, ya daki bango da motar sau uku yana dariya, ya leƙa ta gilashin akwatin ya ce a kunna masa fitilun nan. Ya tafi yana jin daɗi. Sharfaddeen ya mayar da wayar ba wanda ya lura, kuma daga nan ya ga kamar ya sami dabara.

Lahadin da ta biyo baya akwai dogon tsere, irin wanda ake shiga canza taya a tsakiya. Ya zare wayar firiza ya shiga ɗaki. Bai taɓa tuƙi mai daɗin na ranar ba. Yana ganin Khalid ta sikirin hagu ya ba shi hanya, ya bi bayansa, ya wuce shi a miƙaƙƙen titi. Da aka gama suka tsaya hira, kowa na tambayarsa wane kati ne wannan. Daga nan aka kira la'asar ya fita masallaci, daga masallaci wani manomi ya tare shi da ganyen tumatir mai tabo, suka wuce gonar. Bai tuna da firiza ba sai washegari da safe, da ya ji Ramlatu ta buɗe ta.

Kunun aya ba ya haƙuri da zafi. Wanda ke ciki kuwa na bikin sunan wata maƙwabciya ne, ta ce a kai mata da hantsi. Duk ya yi tsami, robobin sun kumbura.

Ramlatu ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe wayar firizar a hannu ta ce, "Kai ka cire?"

"Ni ne. Na manta ban mayar ba."

"Tun yaushe kake cirewa?"

Ya gaya mata. Ta zauna a bakin rijiya ta fara zubar da kunun a kwata, roba bayan roba.

"Ni zan je in ba matar nan haƙuri, ba kai ba," in ji ta. "Abin nan ya fi ƙarfin gidan nan, kai ma ka sani tun ranar da aka kawo shi. Ka gaya wa Yaya."

"In ce masa me? In ce tsarabar da ya ɗauko tun daga Dubai ba ta yi ba?"

"Ka ce masa gaskiya. Ba cinye ka zai yi ba."

Ranar kasuwar Kibiya ya sa katin a kwalinsa, ya ɗaure a bayan babur ya tafi. A hanya yana ta tsara maganar da zai yi. Ya tarar da Alhaji a rumfarsa cikin buhunan masara, tare da abokansa 'yan kasuwa. Alhaji na ganinsa ya washe baki.

"Yawwa, ga shi nan. Wannan ne nake ba ku labari, direban da ba shi da mota. Malam Sharfu, gaya musu yadda abin nan yake aiki."

Sharfaddeen ya tsuguna ya gaishe su, ya ce yana aiki sosai, ba a taɓa ganin irinsa a Rano ba. Wani dattijo ya ce Alhaji ai ba ya kyautar banza. Aka kawo wa Sharfaddeen fura ya sha. Alhaji ya hango kwalin a bayan babur ya tambaya, Sharfaddeen ya ce wayoyi ne a ciki zai kai gyara. Ya yi sallama ya hau babur. Bayan ya fita gari ya tsaya a gindin wata ɗorawa ya kashe injin, ya daɗe zaune yana jin haushin kansa, da katin, da Alhajin, da wanda ya ƙirƙiro tseren ma gaba ɗaya.

Da Ramlatu ta gan shi ya shigo da kwalin sai ta gane bai faɗa ba. Ta ɗauki waya ta shiga ɗaki. Yana tsakar gida yana jin ta.

"Yaya, katin nan ya fi ƙarfin solarmu. Kullum sai ya kashe mana wuta, har na yi asarar kunun suna. Ƙarami ya dace da mu. Shi kunya ta hana shi faɗa, ɗazu ma abin da ya kai shi wurinka ke nan."

Ta saurari amsarsa. Da ta fito ta ce, "Ya ce kyauta ba ta komawa, ka yi yadda kake so da shi."

"Haka kawai ya ce?"

"Ya ce da ka faɗa masa a rumfa da bai bar mutane suna yabon abin da ba ya aiki ba."

Sharfaddeen ya koma Kano wurin Ɗanmalam da niyyar musanya. Wancan matsakaicin an sayar tuni, kuma Ɗanmalam ya ce bai san ranar da irinsa zai sake shigowa ba. Ya jujjuya babban katin, ya ce a nan ba kowa ke neman irin wannan ba, zai iya shekara a kanta. Abin da ke akwai mai ƙarancin shan wuta wani ne da kafofinsa biyu iri ɗaya, ta ukun daban, sai an haɗa da wata 'yar mahaɗa. Sharfaddeen ya zaga wasu shagunan har ƙafarsa ta gaji, bai sami abin da yake so ba. Ya dawo ya karɓi wancan ɗin, Ɗanmalam ya cika masa da faifan ajiya da wata fanka da bai nema ba.

Sabon katin ya zauna lafiya da firiza. Sai dai launin sikirin dama ya fi na sauran duhu, kuma yakan yi ƙyafta-ƙyafta in ɗakin ya ɗumama. Ya canza mahaɗar sau biyu, bai daina ba. Katin ya yi tsuru a cikin ƙaton akwatin gilashin, babbar fawar da ya sha wahalar ɗaukowa ba ta da wani aiki. Da abokan tsere suka tambaye shi ina babban katin, ya ce dogon labari ne.

Bayan 'yan makonni Alhaji Lukman ya zo Rano gaisuwar rasuwa, ya biyo ta gidan. Ya ci abinci, ya ɗauki Hidaya ya yi mata wasa, ya tambayi Sharfaddeen maganin tsutsar da ke cin masara a gonarsa ta Unguwar Gai. Sharfaddeen ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ce zai zo da kansa ya duba. Da za su fita suka wuce ta ƙofar ɗan ɗakin, a buɗe take, Alhaji bai waiwaya ba. Sharfaddeen ya raka shi har mota, ya riƙe masa ƙofa, suka yi sallama.

Da ya dawo ciki Ramlatu na wanke aya. Ta ce, "Zai huce. Haka yake tun muna yara."

Sharfaddeen ya ce Allah ya sa. Ya ɗauko jarkar fesa ya fara wanke ta, don da sassafe zai wuce Unguwar Gai.