Inda Kurwar Seitoku Ta Faɗi

Idan mutum ya karɓi yabon da ba nasa ba, sannan ya kwashe shekara bakwai yana wahalar cika shi har ya cika, me za a kira shi? Maƙaryaci ne, ko jarumin da yabonsa ya riga aikinsa isowa? An juya wannan magana a ƙauyen Uibaru na tsibirin Okinawa har aka gaji, ba a tsaya a kan komai ba. Abin da ya faru kawai aka yarda da shi.

A Uibaru da Babbar Iska ake lissafin shekaru. Wance an yi mata aure kafin Iska, wane ya fara sanƙo bayan Iska. Da hantsi ta sauko, ta riƙa cire jinkar gidaje kamar mai cire wa mutane hula, ta kwantar da rake, ta ɗora kwalekwalen wani masunci a kan rufin makaranta. Da rana ta take, teku ya shigo gari. Mutum tara suka tafi, biyu daga ciki har yau ba a ga ko takalminsu ba. Da sun fi haka yawa, sai dai kafin ruwan ya iso an ji kugen gari yana kuka. Kugen nan tsohuwar tukunyar gas ce da sojoji suka yar bayan yaƙi, aka rataye ta a ceɗiyar dandali. Mutanen bakin ruwa suka ji ta kau, kau, kau ta cikin iskar, suka kwashi yara da tsofaffi suka haura tudu.

Da abin ya lafa, aka tarar da Gushiken Seitoku tsaye a gindin ceɗiyar, jikinsa duk taɓo, bakinsa a buɗe, guduma a hannu.

Gudumar nan a ƙasa ya tsince ta. Gaskiyar magana, ya fito ne ya ɗaure akuya, wani fallen kwano ya gilma ta gefen kunnensa, bai san lokacin da ya tsallake katangar maƙwabcinsa Zukeran Kana ba, ya faɗa ɗakin alade, irin na garin, ginin dutse da ke haɗe da masai. A can ya wuni rungume da wata ƙatuwar alade, tana ihu yana ihu. Daga can ya ji ƙarar kugen, har yana cewa a ransa wane mahaukaci ne wannan. Ya buɗe baki zai faɗi haka a dandali, sai wata mata ta ɗora masa jaririnta a hannu tana kuka, tana cewa, "Ga shi nan, kai ka ba ni shi." Ya rufe bakinsa. Washegari ma ya so ya faɗa, amma an riga an naɗa shi shugaban masu kula da guguwa.

Daga nan fa wahala ta same shi. Wanda ya buga kuge cikin Babbar Iska ba shi da bakin zama a ɗaki idan ƙarama ta zo. Sau goma sha ɗaya Seitoku ya fita cikin iska duk da tsoron da yake ji, ya bugi tukunyar nan da gaske. Sau ɗaya reshe ya karya masa hannu. Shi ya matsa wa mutane har suka bar jinka suka koma kankare, gida bayan gida, da aikin gayya.

Abu ɗaya ne ya ƙi gyaruwa. Kowa ya san idan mutum ya yi mummunar razana, kurwarsa kan suɓuce ta faɗi a daidai wurin, ta zauna nan tana jira. Sai a ɗauki rigarsa a je can a kira ta, a tsinci tsakuwa uku a naɗe a ciki, a kawo gida a sa masa rigar. Bayan Babbar Iska an yi wata guda ba ka ganin komai a gari sai mata a duƙe da riguna suna kiran kurwar mazansu da 'ya'yansu. Ta kowa ta dawo, ban da ta Seitoku. Za a soya masa garahuni da awara, ya cinye bai ji ɗaci ba. A ba da labarin da kowa zai riƙe ciki, shi sai ya duba fuskokin mutane ya ga lokacin dariya ya yi, sannan ya buɗe haƙora.

Sau uku matarsa Nabe tana kai rigarsa gindin ceɗiya. A karon farko ya kwana yana atishawa. A na biyu ya wayi gari yana son danyen albasa, abin da wani marigayi mai gyaran taru kaɗai aka sani da shi, har aka fara raɗe-raɗin an kwaso kurwar wani. A na uku aka tafi da Obaa Kamado, tsohuwar da duk gari ke kira Obaa, wato kaka, wadda ta fi kowa sanin wannan aiki. Ta zagaya bishiyar sau ɗaya, ta tofar da yawu.

"Ba kowa a nan," ta ce. "Kai ɗan nan, a ina ta faɗi?"

"A nan mana, Obaa. Ina kuma?"

"Ni nake tambayarka."

"To ko iska ta yi gaba da ita."

"Kurwa ba kwano ba ce. Inda ta faɗi nan take zama, kamar kare a bakin ƙofa. Ranar da ka tuna, ka zo ka same ni."

Bai tuna ba. Yakan dai tsaya da yamma ya leƙa ta saman katangar Kana, ya kalli ɗakin aladen. An daɗe da cinye aladen, ciyawa ta fito a ciki. Ganin wurin yana nan yakan ɗan kwantar masa da hankali. Ai tana jira. Wata rana, in Kana da iyalinsa sun tafi biki, zai lallaɓa shi kaɗai. Matsalar ita ce Kana ba ya zuwa biki, ba a ma cika gayyatarsa ba.

Ana sauran kwana uku a yi taron cika shekara bakwai da Iska, inda aka shirya kafa dutse mai ɗauke da sunan Seitoku a gindin ceɗiya, ya leƙa katangar ya ga buhunan siminti a jibge.

"Kana! Mene ne wannan?"

Kana, siririn mutum mai haƙori ɗaya na gwal, ya ɗago daga inda yake auna ƙasa da igiya. "A'a, Shugaba da kansa! Ranka ya daɗe, umarninka nake bi. Ba kai ka ce duk gari a koma kankare ba? Ni kaɗai na rage. Jibi da safe gayya, za mu malale wannan ƙazamin wuri in ɗora ɗakin ajiya."

"Wane wuri?"

"Ɗakin aladen mana."

Seitoku ya sake duban buhunan. Kurwar da aka zuba wa kankare a ka, ba wanda ya taɓa jin an tono ta.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Wannan ginin yana tare iska."

"Ginin da bai kai ƙuguna ba?"

"Yana tare ta ƙasa-ƙasa."

"Iskar ƙasa-ƙasa kuma? Shugaba, irin wannan ai daga cikin mutum take fitowa."

"Aikin kakanni ne, Kana. Dubi yadda aka jera duwatsun nan. Yanzu wa ya iya?"

"Kakana ne ya gina, kuma shi ma tsine masa yake yi kullum. In kana so, kwashe duwatsun ka kai gidanka, na ba ka kyauta. Har da ƙamshin."

Seitoku ya koma gida ya zauna yana tunani, irin tunanin da ya saba: in ya yi shiru, ya rasa kurwa har abada, amma matar nan da jaririnta, wanda yanzu yake zuwa makaranta, za su ci gaba da gaishe shi da hannu biyu. In ya yi magana, me zai ce wa mutanen da suka bi shi cikin iska sau goma sha ɗaya don sun yarda ba ya jin tsoro? Sannan wa aka cuta? Ba wanda ya taɓa fitowa ya ce shi ya buga kugen. Ana iya satar abin da ba shi da mai shi? Ya kai maganar can, ya dawo da ita nan, bai ga ƙarshenta ba.

Ranar gayya da safe, Nabe ta ajiye masa dankali da miya, ta ɗauko tsohuwar rigarsa ta shimfiɗa a kusa da kwanon.

"Ta mece ce?" ya tambaya.

"Ta sawa."

"Ai da riga a jikina."

"Maigida," ta ce, tana ɓare dankali ba ta dube shi ba, "wa ya wanke maka wando ranar Iska?"

Seitoku ya ajiye cokali.

"Na tashi a gidan da ake kiwon alade. Na san taɓo, na san wanda ba taɓo ba. Sau huɗu na wanke shi da toka, daga baya na binne."

"Kin sani? Shekara bakwai?"

"Saura kwana ɗaya ta cika."

"To me ya kai ki gindin ceɗiya har sau uku kina kira?"

"Ina kake so in je? In shiga gidan Kana da rigarka, in tsuguna a ɗakin alade ina 'taho gida, taho gida,' matarsa na kallona ta taga? Kafin azahar an ji a babban gari. Na ce bari in riƙa kira daga ceɗiya da ƙarfi, ko ta jiyo. Ashe irinka ce, ba ta jin kira."

"Ba zan je ba," in ji Seitoku. "Gari duk yana can. Gobe za a kafa dutse."

"Kada ka je. Ni dai na gaji da dafa wa mutum abinci yana ci kamar mai tauna tsumma. Kafin Iska, in gishiri ya yi yawa har maƙwabta sai sun ji. Ban taɓa zaton zan yi kewar masifarka ba."

Ta tashi ta ɗauki bokitinta ta tafi gayya, ta bar shi da rigar.

Ta saman katanga yana jin komai. Ana kwaɓa siminti, shebur na karta ƙasa, mata na jigilar ruwa, Kana yana ba da umarni kamar mai gina gada. Seitoku ya ɗauki cokali ya kurɓi miyar. Ruwan ɗumi. Ya sake kurɓa, ya riƙe a baki ya jira. Ba komai. Sai ya ji Kana ya ɗaga murya: "To, a fara zubawa daga can ƙurya!"

Ƙuryar ce kuwa. Ya san ta kamar tafin hannunsa.

Bai bi ta ƙofa ba, ta katanga ya tsallaka, ya sauka a gaban mutum talatin da riga a hannu. Masu ɗauke da kwanon kwaɓi suka tsaya.

"Shugaba ya zo duba aiki," in ji Kana. "A gyara tsayuwa."

"Ku dakata," Seitoku ya ce. Muryarsa ta fito 'yar siririya. Ya yi gyaran murya. "Obaa tana nan?"

Tsohuwar na zaune a inuwa tana tsince wake don abincin 'yan gayya. Ta ɗago.

"Na tuna," ya ce.

"Ina ne?"

Ya nuna ƙuryar da yatsa.

Kana ya dubi ƙuryar, ya dubi Seitoku, ya sake duban ƙuryar. "A ɗakin aladena? Me ya kawo kurwarka ɗakin aladena?"

"Ni na kawo ta. A nan na wuni ranar Iska."

"Kai da wa?"

"Da aladenka."

"To wa ya buga kuge?" wani ya tambaya daga baya.

"Ban sani ba. Ni ma jinsa na yi."

Surutu ya ɓarke. Wani ya ce iska ce ta riƙa gwara reshe da tukunyar, wani ya ce reshe ba ya bugu uku-uku. Matar nan mai jariri ta ajiye bokiti ta rufe baki da hannu, ba a gane kuka take ko dariya ba. Wani masunci da ya bi Seitoku cikin guguwa har sau shida ya ce, "To ranar da reshe ya karya masa hannu fa, alade ce ta buga kugen?"

Kana kuwa ya dafe kai. "Shi ya sa! Na ce aladen nan tun ranar ta daina kallon mutane cikin ido! Jama'a, tsaya ma tukuna. In kurwar ta shiga jikinta fa? Mun yanka ta da sabuwar shekara. Duk wanda ke nan ya ci!"

"Rufe mana baki," in ji Obaa Kamado. Ta miƙe da ƙyar, ta kakkaɓe zaninta, ta taka zuwa bakin ɗakin, ta leƙa na ɗan lokaci. "Tana nan. Ta rame, amma tana nan. Nabe, karɓi rigar ki shiga."

Nabe ta matso ta miƙa hannu. Seitoku bai sakar mata ba.

"Ni na zubar da ita," ya ce.

Ya sunkuya ya shiga, ya durƙusa a ƙuryar da gwiwoyinsa, gari duka na kallon bayansa. Ya lalubi tsakuwa uku cikin ciyawa ya naɗe a rigar, ya riƙa kaɗa ta a hankali kamar mai kiran kaza.

"Da ƙarfi," in ji Obaa. "Shekara bakwai tana nan, kunnenta ya yi nauyi."

Seitoku ya ja numfashi, ya ɗaga murya yadda har na bayan katanga za su ji.

"Kurwata, kurwata! Ni ne Seitoku, wanda ya rungumi alade. Taso mu tafi gida."