Mataki Na Huɗu

Janaretan ya tashi a ja na farko bayan gyaran. Baba Sifana ya saki igiyar, ya goge hannu a gaban rigar aikinsa, ya dubi agogon bango. Minti huɗu ke nan da aka ce ya fara.

Dogo, wanda ke riƙe da takardar maki, bai dubi agogo ba. Ƙasa yake kallo.

"Baba, ka faɗi," in ji shi.

"Ɗaga murya, injin na ƙara."

Dogo ya miƙa hannu ya kashe injin. "Na ce ka faɗi jarrabawar, Baba."

"Injin ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya tashi."

"To, wa ya faɗi?"

Malamai biyar ne zaune a kan benci ɗaya, kowanne daga kwalejinsa, kuma babu ɗaya a cikinsu da Baba Sifana bai taɓa murɗe wa kunne ba. Shekara talatin da huɗu yana koyar da gyaran janareta, ba shi da takardar shaida ko ta naɗe ƙusa. Shi ya koya wa Dogo riƙon sifana. Shi ya koya wa Mai Tabarau bambancin fetur da ruwa tun ba shi da tabarau. Yau su ne alƙalai, shi ne mai lamba a ƙirji. An ce wanzami ba ya son jarfa, to ga wanzami an zaunar.

Abin da ya kawo haka ba ɓoyayye ba ne. Kwalejojin koyon sana'a biyar ne a yankin, kowacce na koyarwa yadda ta ga dama. Ɗalibi ya gama a wannan, ya kai takardarsa masana'anta, a ce ba a san ta ba. Masu masana'antu suka yi ta ƙorafi har aka buɗe ofishin haɗa kan kwalejojin, aka ɗora wata mata a kai, wadda ba a taɓa ganin ta hannu rabbana ba, shi ya sa ake ce mata Mai Fayil. Ita ta tara su suka fitar da littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya, takarda ɗaya. A shafin ƙarshe aka rubuta cewa daga ranar Litinin, duk malamin da ba shi da wannan takarda ba zai taka ɗakin aiki ba. Yau Alhamis.

"Matakai goma sha biyu ne, Baba," in ji Dogo, har yanzu bai ɗago ba. "Uku ka yi. Ka ja igiya ka saurara, ka buɗe kafireto ka cire audugar da muka cusa, ka rufe."

"Audugar ce matsalar?"

"Ita ce."

"Sauran taran na neman me?"

Mai Fayil ta taso daga kujerarta ta bakin ƙofa. Ta ce doka ta ba kowa dama biyu, ta biyun bayan azahar. Ta ce wa malaman su je su sha iska, ta jawo kujera ta zauna kusa da tsohon.

"Baba, ka karanta littafin kuwa?"

"'Yata, karatuna da rubutun nan kamar tafiyar mai ƙaya ne. Na sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburina, ya hana shi rawa. Littafi ne mai amfani."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta buɗe nata ta shiga karanta masa. A duba baƙin mai. A duba fetur. A tabbatar makunni a kashe yake. Baba Sifana yana gyaɗa kai, don waɗannan ko makaho ya san su.

"Mataki na huɗu," ta ce. "Kafin a sa hannu cikin injin, a ƙwanƙwasa jikinsa sau uku da sifana, a ɗan dakata."

Tsohon ya daina gyaɗa kai. Ya dubi babban yatsansa na dama, inda wani tsohon tabo yake kamar an sa ƙusa biyu.

"Sake karanta wannan."

Ta sake.

Ya tuna. Kafin a gina wannan ɗaki mai siminti da tagogin gilashi, a wata rumfar kwano yake koyarwa, bayan ɗakin ajiyar hatsi. Ɓerayen wurin sun mai da janaretocin gidan haya. Wata safiya ya zura hannu zai kwance matatar iska, wani ƙato ya kama masa yatsa. Kwana tara hannun na kumbure. Matarsa ce, tana ɗaure masa tsumma, ta ce, "Kai ma ka fiye kutse. Ka riƙa ƙwanƙwasawa mana, masu gida su fita." Tun daga ranar yake bugawa sau uku. Da aka dawo sabon gini ɓeraye suka ƙare, shi ma ya bari. Amma kafin nan waɗannan biyar sun riga sun gama sun watse, kowa ya tafi da bugunsa.

"Mataki na bakwai," in ji Mai Fayil. "A ja da baya, a goya hannu, a yi shiru minti biyar ana kallon injin."

Wannan ma ya gane shi. Haka yake yi a da idan cutar injin ta shige masa duhu, ba ya kuma so yara su gane bai sani ba.

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Baba, bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Zama talatin da ɗaya muka yi a kan littafin nan, shekara biyu. Zama uku muka kashe a kan ko baƙin mai ake fara dubawa ko fetur. Akwai ranar da Dogo da Mai Tabarau suka tashi tsaye, sai da na shiga tsakani da fayil. Kowa na cewa kwalejinsa ce a kan daidai. Abu biyu kawai na karanta duk su biyar suka ɗaga hannu lokaci ɗaya, na huɗu da na bakwai. Suka ce haka Baba yake yi. A kan waɗannan biyun na ɗaure sauran goman."

"Tsintsiya," in ji tsohon.

"Na'am?"

"Ba komai. Ci gaba."

"Masana'antu goma sha ɗaya sun sa hannu a kan littafin yadda yake. Ɗalibai ɗari huɗu na jiran takardarsu a ƙarshen wata, wasu har an yi musu alkawarin aiki. In aka taɓa layi ɗaya, sai an koma zama, sai an sake bin masana'antun ɗaya bayan ɗaya." Ta rufe littafin. "Me za ka ce ɗazu?"

Baba Sifana ya sa yatsan a aljihu.

"Cewa zan yi ki karanta min daga farko. A hankali."

Sau uku ta karanta. Ya je ya yi salla, ya sha shayi a tsaye, yana ƙirga matakan a gaɓoɓin yatsunsa kamar mai tasbihi. Ta taga yana hango ɗalibansa na bana a gindin bishiya, su ashirin da biyu, sun ƙi tafiya gida. Ya san ko an sallame shi ba zai rasa tuwon bakinsa ba, ko a bakin titi ya shimfiɗa buhu injuna za su same shi. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana buɗe ƙofar ɗakin aiki kowace safiya, in aka karɓe makullin, ba ƙofar kaɗai aka rufe ba.

Bayan azahar aka kawo wani janaretan. Tun daga yadda igiyar ta yi sanyi a hannunsa da warin da ya bugi hancinsa ya san fulogi ne ya jiƙa. Aikin minti biyu. Ya haɗiye sanin.

Ya duba baƙin mai. Lafiya lau. Ya duba fetur. Ya duba makunni, wanda shi da kansa ya kashe. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa jikin injin sau uku, ya dakata. Ba wanda ya fito. A kan benci kawuna biyar suka gyaɗa tare, alƙalamin Dogo ya yi ƙara a takarda.

Da ya zo na bakwai ya ja da baya ya goya hannu. A duk rayuwarsa bai taɓa yin wannan tsayuwa yana sane da cutar injin ba sai yau. Minti biyar ashe tafiya ce. Ya kalli janareta, janareta ya kalle shi. Mai Tabarau ya raɗa wa na kusa da shi, "Ka ga asalin tsayuwar ke nan. Mu kwaikwayo muke yi."

Sai a mataki na goma littafi ya yarda a taɓa fulogi. Ya kwance shi, ya goge, ya busa, ya mayar. Injin ya tashi a minti na arba'in da ɗaya.

Dogo ya yi lissafi, ya share gumi. "Sha ɗaya cikin sha biyu. Ka ci, Baba."

"Ɗayan fa?"

"Bugun ne bai fito sosai ba. Na ukun da kyar muka ji." Ya sosa ƙeya. "Da ni na yi shi haka a da, da ka ce in sake."

"Da na ce," in ji Baba Sifana.

Mai Fayil ta cike takardar, ta buga hatimi, ta miƙa masa da hannu biyu. A ƙasan sunansa an rubuta cewa mai wannan takarda ya iya gyaran janareta daidai gwargwado. Sai ta zaro wani fayil ɗin.

"Saura abu ɗaya, Baba, tunda ga ka, ga su. Masana'antu sun nemi a rubuta dalilin kowane mataki a gefe. Duk mun cike, ban da na huɗu."

"Ai a fili yake," in ji Dogo. "Amon ƙarfen ke nuna maka in akwai notin da ya kwance."

"Wane noti?" in ji Mai Tabarau. "Dattin tanki ake kaɗawa ya kwanta ƙasa. Haka muke koyarwa a wurinmu shekara goma sha tara."

"Shi ya sa ɗalibanku ke kashe wa mutane injuna."

"Namu? Wa ya ƙona janaretan asibiti?"

Na uku ya ce tsatsa ce ake gwadawa. Na huɗu ya miƙe tsaye. Na biyar ya fara naɗe hannun riga, shi da ko dalili bai kawo ba tukuna. Mai Fayil ta rungume fayil ɗinta a ƙirji, fuskarta ta yi irin ta wanda ya ga rufin da ya gama jiya yana ɗiga.

Baba Sifana ya ɗauki sifana ya buga teburi sau uku. Wannan karon an ji na ukun.

Suka zauna.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane masu furfura a gemu, kowanne da ɗalibai ɗari a bayansa. Kalma ɗaya ce a bakinsa, mai gaɓa biyu, da ya sake ta da an koma zama na talatin da biyu. Baki shi ke yanka wuya, kuma ba kullum wuyan mai bakin ba.

"Duk kun yi kusa," ya ce. "Sallama ce. Ba a shiga gidan kowa ba sallama."

Dogo ya ce, "Allahu akbar." Mai Tabarau ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dama abin da yake nufi ke nan. Mai Fayil ta rubuta, ta karanta musu, hannaye biyar suka tashi lokaci ɗaya.

Da la'asar sakaliya ya isa gida. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya. Ya miƙa mata takardar, ta riƙe ta nesa da ido, ta juya ta, ta ce takarda mai kauri ce. Ya zauna a kan turmi ya ba ta labari tun daga audugar har zuwa hannaye biyar.

"Bugun nan dai nawa?" ta ce. "Na ɓera?"

"Shi. Kwalejoji biyar ke koyar da shi. Masana'antu goma sha ɗaya sun sa hannu."

"Ka gaya musu?"

"Na ce sallama ce."

Ta ninke zanen da ke hannunta, ta ɗora a kan kwando. "To ai ba ka yi ƙarya ba." Ta sake duba takardar. "Ni da na ƙirƙiro shi ba a ba ni komai ba. Kai nawa ka ci a wurin?"

"Nan ne na rasa maki," in ji Baba Sifana.

"Dama ban taɓa jin ka buga shi da kyau ba," ta ce, ta shige ɗaki da takardar.