Ƙafar Baba

Tasin bai gama tsayawa ba aka fara ihu.

"Ga shugaba! Shugaba ta iso!"

Tela ta fito, ba ta ɗaga wa kowa hannu ba. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta sa kafaɗa ta ɗago mahaifinta. Ƙafarsa ta hagu tana naɗe da ragowar yadi, ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ihun ya mutu.

Ita ce ta tara mutanen nan. Tun da asibitin unguwa ya ninka kuɗin ganin likita, ta rufe shagon ɗinkinta ta bi gida-gida, tana cewa kada kowa ya sake taka ƙofar nan sai an sauke kuɗin yadda mai faci da mai shara ma za su iya ganin likita. Suka yarda. Kwana da kwanaki suna zaune a bakin ƙofar asibitin da kwalayen zanga-zanga a hannu, kujerun ciki suna shan ƙura.

Mai kitso, aminiyarta tun suna yara, ta tare hanya.

"Sai ina?"

"Matsa, don Allah. Kin ga ƙafar."

"Na gani. Ke kin ga mijina? Yana can zazzaɓi na gasa shi. Na zo miki da kuka, me kika ce? 'Daure, ƙawata, saura ƙiris.' Na daure. Ashe dauriyar tamu ce mu kaɗai. Ke naki uban da zinariya aka ƙera shi."

"Kada ki sa Baba a bakinki."

"Na sa! Ɗinke min bakin, ai tela ce ke!"

Aka kwashe da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. Wani direban bas da ya ajiye aikinsa don zaman ya buga kwalinsa a ƙasa.

"Ku bar ta ta wuce, jama'a! Mun tura mota, ta tashi, ta bar mu da hayaƙi. Nawa suka ba ki, shugaba?"

Baba ya matse hannunta. "'Yar nan, mu koma gida," ya ce a hankali. "Zan ci gaba da ruwan gishirin. Kada ki zubar da mutuncinki saboda ni."

Abin da ya yi ta yi ke nan a ɓoye. Ciwon ya daɗe, da farko ya yi shiru saboda kuɗin, daga baya ya yi shiru saboda ita. Sai da safen nan wari ya kai ta ɗakinsa, ta kwance ƙyallen, ta ga babban yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Ta so ta faɗa musu haka. Ta duba fuskokin, duk waɗanda ta ɗinka wa kaya ne, ta ga babu mai son ji. Ta sunkuyar da kai ta kutsa. Kafaɗarta ta bugi ta mai kitso. Wata robar ruwa ta same ta a ƙeya.

"Munafuka!"

Mai gadi ya wangale ƙofa yana washe baki. "Maraba da shugaba. An sauko ke nan?"

Mai ba da kati ta dube ta sama da ƙasa. "Kuɗin yana nan yadda kika bar shi."

Tela ta biya. Babu layi, babu jira. Tun da take zuwa asibitin nan ba ta taɓa shiga wurin likita da wuri haka ba.

Likitan ya sa safar hannu ya warware ƙyallen. Ya daɗe yana dubawa, yana danna nan da can, yana tambayar Baba ko yana ji.

"Yatsan ya tafi," ya ce. "Ƙafar kuwa, in kun kai shi babban asibiti yau, ina sa rai. Zan wanke, in ba ku takarda." Ya juyo gare ta, ransa a ɓace. "Haka kuke kullum. Sai abu ya ruɓe ku kwaso shi. Me ya hana ku zuwa tun yana ɗan ƙurji?"

Amsar tana waje, a bakin mutanenta. Sun yi kwanaki suna rera ta. Tela ta taka zuwa taga ta tura ta, don ya ji da kunnensa.

Muryoyin suka shigo, sun fi na kullum ƙarfi da haɗuwa. Amma babu mai maganar kuɗin likita.

"Munafuka! Munafuka! Fito, munafuka!"

Baba ya rufe ido.

"Rufe tagar nan," in ji likita. "Zo ki riƙe masa ƙafar, zai ji zafi."

Ta rufe. Ta durƙusa ta riƙe.