Na'urar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Likita na magana, Auta na kallon hannun Baba. Har yanzu da shuɗin fenti a ƙarƙashin farcensa.

"Tururin fenti ne da tinar da ake sirka shi da ita," in ji likitan. "Ya daɗe yana shaƙa. Huhun ya gaji."

"Ai da na'ura a shagonsa," in ji Auta. "Ni na haɗa ta."

Likitan ya ɗan kalle ta, ya wuce gado na gaba.

Aikinta ke nan a ɗakin gwaje-gwaje: ta shafa wa guntun gilashi sinadari, shafen da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, ta gasa shi, ta jona masa waya. Da tururi ya taɓa shafen sai wutar da ke bi ta cikinsa ta canza, na'urar ta hau kuka. Ta farkon da ta yi kyau Baba ta kai wa, don hancinsa ya daɗe da mutuwa, ko turare ba ya ji. Ta ce da zarar ta yi kuka ya ajiye fenti ya fita shan iska.

Kullum ta kira shi, amsa ɗaya ce: "Shiru take, Injiniya. 'Yarki ta fi ki ladabi."

Ashe shirun nan ne ke cin sa! Auta ta hau bas zuwa shagon tana kuka ba kunya, tana tsine wa hannunta. Ko gilashin ne bai gasu ba? Ko wayar ce ta tsinke? Da ba ta kai masa ba, da wataƙila ya ci gaba da barin ƙofa a buɗe.

Ta ɗaga ƙofar shagon, wari ya doke ta har makoshi. Ga motar da bai ƙarasa ba, rabinta shuɗi. Bango, benci, rediyo, ko'ina feshin fenti ne. Na'urar na rataye a ƙusar da ta nuna masa, amma a cikin farar leda, ninki biyu, an ɗaure bakin tamau da salatif. Ledar ta yi dabbare-dabbare.

Ta yaga. Kafin ta gama zaro ta, na'urar ta ƙwalla ƙara. Auta ta zauna kan gwangwanin fenti ta bar ta tana ta yi.

Da ta koma asibiti, Baba ya farka. Ya ga abin a hannunta, ya janye robar iska daga bakinsa da ƙyar.

"Kin ɗauko 'yar taki? Duba da kyau. Ko ɗigo ban bari ya taɓa miki ita ba."

 Ta mayar masa da robar.

"Na gani, Baba," ta ce. "Fes take."