Fitilar da Léon Ya Sauke a Rijiya

"Ku ja! Ku ja mana, kada wanda ya sassauta!"

Mahfuzu ne ke ihu, shugaban lambunmu, wanda muke kira Persidan. Maza na jan igiya daga bakin rijiya, mata sun yar da bokitai sun ɗora hannu a ka. Ni ƙarfina ya ƙare tuntuni, sai na riƙe wutsiyar igiyar don kada a ce kallo na zo. Kan Léon ne ya fara fitowa, a langaɓe, sannan kafaɗunsa, sannan ƙugun da ya ɗaura wa igiyar da hannunsa.

Aka shimfiɗe shi a gindin darbejiya. Leɓɓansa na tsaya kallo. Sun yi ja wur kamar na mai cin goro, alhali Léon bai taɓa sa goro a bakinsa ba. Ina nan ina mamakin wannan har matarsa Hortense ta ture ni.

"Baba Hashim, matsa! Léon! Mon Dieu, Léon, kana ji na?"

Yana numfashi. Aka ɗora shi a moto, wato babur, tsakanin mutum biyu, ƙafafunsa na jan ƙasa, aka yi asibiti da shi.

Léon maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a Jambutu, nan Garwa. Kirista ne daga duwatsun Mokolo, ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar buhunan siminti a Figil har bayansa ya ƙi. Shi ya fara sare ƙaya a filin bayan unguwa, mutane suka biyo shi, kowane gida da fangalinsa: latas, yakuwa, kuɓewa, tumatir. Daga nan miyar unguwa ke fitowa, abin da ya rage mata su kai kasuwa. Rijiya ɗaya ke shayar da mu duka. Bana zafin Afrilu ya janye ruwan can ƙasa, tiyo ya daina kaiwa, sai aka sauke injin ban ruwan cikin rijiyar, aka ɗora shi a kan katako. Ran nan injin ya yi aiki da safe, ya mutu. Masu haƙar rijiya sun tafi wani aiki Maruwa. Léon ya dubi dashen tumatir, ya ce ba zai kai jibi ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka duba injin da kansa.

Likita ya ce hayaƙin injin ne ya kwanta a ƙasan rijiya, ya shiga jininsa, ya taɓa kansa.

Da la'asar ɗin ranar na koma lambu ni kaɗai na leƙa. Ina son leƙen rijiya tun ina yaro, har duka na sha a lekol, makarantar boko, a kan haka kafin in bar ta. Can ƙasa, ƙarƙashin katakon, akwai wani haske fari ɗan ƙanƙane, ba ya motsi, ba ya ƙyaftawa. Na daɗe ina kallonsa. Washegari Khaula mai yakuwa ta gan shi, ta ruga tana salati, kafin azahar unguwa ta gama ji cewa aljanin rijiyar ya buɗe ido. Hasken ya ɓace daga baya, amma babu wanda ya sake zuwa kusa. Ko da an zo ma, katakon ya tare hanyar guga.

Bayan 'yan kwanaki asibiti suka ce a kai Léon gida ya huta. A unguwarmu kowa ya san ma'anar wannan.

Hortense ta yi masa shimfiɗa a rumfar tsakar gida, inda iska ke ɗan ratsawa. Hannunsa na dama ya daina jin magana. Harshensa ya yi nauyi, Hausarsa na gauraya da yaren dutse. Amma duk wanda ya shigo gaishe shi, tambaya ɗaya yake yi.

"An yi ban ruwa?"

"An yi, papa, tun da asuba," in ji Hortense. "Sha kununka."

"Tumatir fa?"

"Har ya fara fure. Buɗe baki."

Tana faɗa tana kallona, ni kuma ina kallon tururuwan da ke jan ƙwayar gero a gefen tabarma.

Wata safiya ta tafi famfo, ya yafito ni da hannun hagu.

"Tsoho, na sauke fitila fa kafin in shiga."

"Wace fitila?"

"Babana ya ce, kada ka shiga rami sai ka sauke fitila. In ta mutu, ka koma gida. In ba ta mutu ba, ka shiga." Ya tsaya ya haɗiye miyau. "Na ɗaura ta a zare, na sauke har ƙasa. Tana ci. Fes."

"Léon, wace fitila ka ɗauka?"

"Ta ɗakinmu mana. Mai batir. Ta kuɓuce mini a can."

Fitilar babansa mai lagwani ce da harshen wuta, tana shaƙar iska kamar yadda mutum ke shaƙa, inda ta shaƙe nan mutum zai shaƙe. Wannan ta kasuwa ko a cikin tulu ka rufe ta, ci za ta yi. Sunansu ne kawai ɗaya. Ban faɗa masa ba. Ina jin ya riga ni ganewa, can a gadon asibiti, don ya yi wata 'yar dariya da gefen baki ɗaya.

"Yanzu a Garwa wa ke da kananzir a ɗaki?" ya ce.

Na je na gaya wa Mahfuzu cewa idon da Khaula ta gani tocilan Hortense ce. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba kasafai mutane ke yi mini ba. Muka aro tsohuwar fitilar ƙwai a wurin mai shayi, muka kunna, muka sauke ta a hankali. Harshen wutar ya yi ta ƙanƙancewa, ya koma shuɗi. Kafin ta kai katakon ta mutu.

"To, ka gani," in ji Mahfuzu. "Ba aljani ba ne, na yarda. Wa zai shiga? Kai?"

"Masu haƙa fa?"

"Na buga musu. Sai sun gama na can."

Latas ne ya fara tafiya, ya kwanta a ƙasa kamar tsumma. Sai yakuwa. Wasu matan suka yi ta ɗauko ruwa daga famfon unguwa, amma famfon kansa sai ya ga dama yake zuwa, kuma akwai yara da girki. Ɗaya bayan ɗaya suka daina.

Ranar Alhamis na shiga na tarar idon Léon a buɗe, ƙudaje na sauka a gefen bakinsa. Na kore su da hulata. Hortense na wanki a bakin ƙofa.

"Baba Hashim, jam na?" Léon ya gaishe ni da Fillanci.

"Jam. Ya jikin?"

"Ka je lambu?"

"Na je." Sai na tuna abin da na gani, raina ya yi fari don na sami labari. "Ka san me na tarar a fangalinka? Hawainiya. Ƙatuwa. Tana kan kuɓewarka, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta manta da ita a sama. Ido ɗaya na kallona, ɗaya na kallon Maruwa."

Ya yi murmushi. "Wace kala?"

"Ruwan ƙasa. Da ƙyar na gane ta, ta saje da ganyen sarai."

Sautin wankin ya tsaya.

Léon ya daɗe yana kallon rufin rumfar. Sannan ya ce, "Voilà," a hankali, ya juya fuskarsa bango. Da Hortense ta kawo kunu bai buɗe baki ba, bai kuma sake tambayar kowa ban ruwa ba.

Ya cika ranar Asabar da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya fita. Mutanen cocinsu suka zo da waƙoƙinsu, danginsa suka sauko daga dutse. Mu ma muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida muka zauna, Mahfuzu na karɓar gaisuwa kamar ɗan uwansa na jini. Khaula ta dafa shinkafa tukunya guda, miyar kuwa da busasshiyar kuɓewa ta yi ta.

Da baƙi suka watse, ina zaune a lambu da yamma, sai ga Hortense tafe cikin baƙaƙen kaya, da baho a ka. Ruwan wanke-wanken zaman makoki ne, da kumfa da ƙwayoyin shinkafa. Ba ta gaishe ni ba. Ta wuce rijiyar, ta wuce fangalin mutane, ta tsaya a kan nasu. Ta durƙusa ta tuttula ruwan a gindin tumatir, kaɗan-kaɗan, har ya ƙare bai kai rabin layi ba.

Ƙasar ta shanye shi nan take. Shinkafar ta rage a sama, fara, kaji suka fara matsowa.